Kaye Biyu da Suka Ɓata a Zongo

Ranar wata Juma'a bayan La'asar, cikin watan Maris na 1998, Dakta Ruwaida ta dawo daga jami'a ta buɗe ɗakin aikinta da ke gidan marigayi mahaifinta a Zongon Kwatano, sai wari ya mayar da ita baya. Ta toshe hanci da gefen mayafi, ta shiga ta buɗe taga. Akwatin ƙarfen da take ajiye kayan aiki yana buɗe. Kaye, wato littattafan rubutu, goma sha biyu take da su a ciki, irin masu kauri na 'yan lakwal, ɗaliban makaranta, cike da rubutun hannunta na shekara uku. Goma suna ƙasa. Biyu babu su.

Ba a fasa ƙofa ba. Makullin ɗakin na biyu yana nan rataye a ƙusarsa a ɗakin Goggo Yalwa, ƙanwar mahaifinta, wadda ke riƙe da gidan.

Kafin Magariba labari ya gama unguwa. Mutane suka yi ta shigowa jaje, suka tattake yashin tsakar gida. Wasu suka ce aikin Mushe Djibril ne, wato Malam Djibril a bakin masu Faransanci, abokin aikinta na jami'a, don an ji su suna ɗaga murya ranar Alhamis. Wasu suka ce a tambayi ƙanenta Sirajuddeen, wanda ya daɗe yana son ɗakin ya zuba dilolin gwanjo. Wata mata ta ce a duba takardun da Assibi mai ƙosai take naɗe wa mutane ƙosai da su. Da aka yi maganar kwamisariya, ofishin 'yan sanda, Goggo Yalwa ta ce ɗan sanda bai taɓa taka gidan yayanta ba, ba kuma a kanta za a fara ba. Ta sa aka kulle ɗakin yadda yake, ta aika kara, kasuwar shanu, a kira mata Ilu.

Ruwaida masaniyar yadda hanci da ƙwaƙwalwa suke gane ƙamshi da wari ce. Shekara tara ta yi a Faransa, ta dawo gida a 1992, lokacin da 'yan ƙasa da yawa suke dawowa bayan babban taron ƙasa. Da ƙananan kwalabe masu lamba ta gwada hancin mutum ɗari uku a Zongo, mahauta da fataken shanu da direbobi da masu turare, ta nuna yadda sana'a take wasa hancin mai ita. Maƙala huɗu kawai ta buga. Uku ba su yi nisa ba. Guda ɗaya, wadda ta fito a wata mujalla ta Turai a 1995, masana sun ambace ta a nasu rubuce-rubucen sau ɗari biyu da goma sha biyu, kuma a sana'arsu da wannan ƙidayar ake auna mutum. A kanta dosiyenta, wato takardunta na neman ƙarin girma, ya tsaya. Sai ga wani furofesa a can ya rubuta cewa alƙalumanta sun cika kyau. Mujallar ta ba ta zuwa ƙarshen wata ta aika kwafin ainihin abin da ta rubuta a wurin gwaji, in ba haka ba a janye maƙalar. Saura kwana goma sha ɗaya.

* * *

Ilu ya zo Asabar da hantsi. Dattijo ne dogo, ya haura sittin, mutumin arewa wajen Kandi. Shekara talatin yana fataucin shanu a Kwatano, kuma duk wanda aka sace masa dabba a kara, shi ake kira ya bi sawu. Yana cikin mutum ɗari ukun da Ruwaida ta gwada. Ya shigo da rigar da ya kwashi safiya da ita cikin shanu, bai sake ba.

Ya dubi tsakar gidan sau ɗaya ya ce, “Nan kam an riga an share mini hanya.”

Ruwaida ta buɗe masa ɗakin. Warin ya ragu amma yana nan, kamar na tsohon bunsuru da ruwa ya jiƙa. Ilu ya tsuguna a bakin ƙofa, ya daɗe bai shiga ba.

“Lokotoro, wace kwalba ce ta fashe?” in ji shi, don haka 'yan Zongo suke kiran Dakta.

“Ta tara, Baba. Ita ce mafi ƙarfi. Ɗigo ɗaya nake sirkawa cikin ruwa mai yawa.”

“Na tuna ta. Taga fa, yadda kika same ta ke nan?”

“A rufe take. Ni na buɗe.”

Ya shiga. Kaye goman an jera su ɗaya kan ɗaya kusa da wata 'yar kujera. Ya ɗaga su da yatsa biyu, ɗaya bayan ɗaya. Na sama a bushe suke. Na can ƙasa ya sha man kwalbar har ya yi duhu, ga ɓarɓashin gilashi a ƙarƙashinsa. Ya auna tsakanin kujerar da tabon man da tafin hannunsa.

“Ina kujerar nan take zama?”

“Bayan ƙofa.”

“In mutum zai buɗe waɗannan ɗaya bayan ɗaya yana neman wani abu, zai ɗauki wane lokaci?”

“Rabin awa ko fiye. Ban rubuta komai a bayansu ba.”

“Me ke cikin biyun da aka ɗauka?”

Ta ce kowane mutum lamba ta ba shi. Kaye na goma sha biyu shi ne mai sunaye, wane shi ne lamba kaza. Na huɗu kuwa sakamakon mutum ashirin da bakwai ne, kuma a cikinsa abin da masana suka fi ambata yake.

“Duk wanda yake son ya kashe maƙalar, na huɗun zai ɗauka,” in ji ta.

“Su wane ne ashirin da bakwan?”

“Baba, na yi musu alkawari ba mai jin sunansu daga bakina. Har kai na yi wa.”

“Ko da aikinki zai tafi?”

Ta kawar da kai ta dubi akwatin. “Ko da zai tafi.”

Ilu bai matsa mata ba. Ya goge yatsunsa a jikin riga ya fita.

* * *

A ƙofar gidan da ke kallon nasu Assibi take suya. Tun kafin ya yi magana ta turo masa tarin takardun da take naɗi da su.

“Duba su, Baba Ilu. Tsofaffin jaridu ne, a kasuwar Tokpa nake saye. Tun jiya ake kallona kamar na ci naman kare.”

“Ban zo don takarda ba. Jiya lokacin Juma'a kina nan?”

“Ina zan je? Goggo da matan gidan duk sun tafi bikin suna a Tokpa-Hoho.”

“Wa ya shiga?”

“Baƙo ko ɗaya bai shiga ba.”

“Wanda ba baƙo ba fa?”

Ta tsaya da matsami a hannu tana tunani. Mai ruwa ya shiga da jarka biyu ya fito. Sirajuddeen ya shigo ya yi alwala a gurguje. Bibata mai kitso ta leƙa ta ga ba kowa ta juya. Alhaji Labaran mai turare, kawun Lokotoro, ya zo gaida Goggo bai same ta ba. Wanda ya daɗe da wanda bai daɗe ba, ba ta lura ba, domin lokacin ne 'yan zemijan, masu acaɓa, suke tsayawa cin abinci.

Tana magana tana ja da kujerarta baya kaɗan-kaɗan daga rigarsa. Ya lura.

* * *

Sirajuddeen yana kasuwar Missèbo, a cikin wata rumfa da aka cika da wandunan gwanjo har rufi. Da ya ga Ilu ya yi wa abokin cinikinsa, wani Ibo, magana da Faransanci ya sallame shi.

“Baba, na san abin da ake faɗa. Ina son ɗakin, ban ɓoye ba. Amma in ɗaki nake so, akwatin zan fitar gaba ɗaya, me zan yi da kaye biyu? Ni da na leƙa ɗakin jiya sai da na yi amai a bayan randa. Tambayi Goggo.”

“Wa ya san Turawa sun nemi a aika musu kayen?”

Sirajuddeen ya sosa ƙeya. “Na faɗa a majalisa ranar Laraba, a shagon Kawu Labaran. Alfahari nake yi da Yaya. Na ce aikinta ya kai inda Turawa ke roƙon a aiko musu da littattafanta duka.”

“Har da na sunaye?”

“Ni duka na ce. Ban san akwai bambanci ba.”

“Su wa ke wurin?”

Ya lissafa mutum takwas. Ilu ya san su duka.

* * *

Lahadi da safe ya hau zemijan zuwa Gbégamey, inda Mushe Djibril yake haya. Djibril mutum ne siriri mai tabarau, ɗan Djougou, Hausarsa ta kasuwa ce. Mura yake yi, da ƙyalle a hannu yana ta sharce hanci. Ilu ya dubi ƙyallen, ya zauna kusa da shi sosai.

“Sun ce ni ne,” in ji Djibril. “Bari in gaya maka gaskiya, Baba. Ni maƙala ashirin da uku na buga. Ka san sau nawa aka ambace su duka? Goma sha tara, goma sha ɗaya daga ciki ni na ambaci kaina. Ita guda ɗaya ta yi, ɗari biyu da wani abu. Kuma ni na yi mata lissafin, wata huɗu. Sunana yana can ƙasa cikin godiya, inda ba a ƙirgawa.”

“Shi kuka yi faɗa a kai ranar Alhamis?”

“Shi. Na ce ta sa sunana a sama a ta biyar da take shiryawa. Ta ce za ta duba. Na yi magana da zafi, na san na yi.”

“In an janye waccan, kai za a ba muƙamin?”

“Wataƙila. Amma in an janye ta, lissafina aka ce ƙarya ne. Kuma duk wasiƙar da ke zuwa labo, ɗakin bincikenmu, daga waje, don ita take zuwa. Ranar Juma'a daga ƙarfe goma sha biyu zuwa huɗu ina tsaron jarrabawa, ɗalibi ɗari da sittin suna kallona.”

Ya tashi ya buɗe taga. “Ka yi haƙuri, Baba. Daga kara kake?”

“Da murar ma kana ji?”

“Wannan ko matacce zai ji.”

Ilu ya yi murmushi ya miƙe.

* * *

Shagon Alhaji Labaran yana kan hanyar masallaci. Shekara talatin da biyar yana haɗa turare, kuma har daga Lome da Ikko ake aiko masa a haɗa wa amare. Yayan mahaifiyar Ruwaida ne. Da mahaifinta ya rasu tana Faransa, shi ya riƙa aika mata guzuri. Ilu ya same shi bayan Azahar a zaune kan darduma, 'yarsa Zahida tana can ciki tana wanke kwalabe.

Ilu ya yi sallama, ya cire takalmi ya shiga har ciki, ya zauna gwiwarsa tana taɓa ta Alhaji.

“Malam Ilu, an ce kai aka ba aikin 'yata. Allah ya tona asirin wanda ya yi.”

“Amin. An ce ka je gidan ranar Juma'a.”

“Na je gaida Yalwa. Ban same ta ba, na wuce masallacin Jonquet, don na makara a namu.”

Suka taɓa hira kan tsadar kaya tun da aka karya darajar kuɗin sefa. Wata mata ta shigo da 'yar kwalba, ta ce irin wannan take so. Alhaji ya buɗe, ya kai hanci, ya lumshe ido, sa'an nan ya miƙa wa Zahida. “Ke kuma me kika ji? In ga ko kina koyo.”

“Sandal da hawi, Baba, da miski kaɗan.”

“Haka ne,” in ji shi. Matar ta dubi rigar Ilu, ta yamutsa fuska, ta koma bakin ƙofa ta tsaya.

Da Ilu zai tafi ya tsaya daidai wata 'yar durowa da ke ƙarƙashin kanta yana gyara hula. Ya ja numfashi sau biyu a hankali. Ƙamshi kala ɗari ne a shagon, amma a ƙarƙashinsu akwai wani abu da ba na shagon ba.

* * *

Ya sami Ruwaida a zaure tana ta ƙoƙarin sake rubuta abin da ta tuna daga kaye na huɗu. Shafi ɗaya da rabi kawai ta samu.

“Lokotoro, ina son kwalba irin waccan, mai lamba tara a jiki. Sabuwa, wadda ba a taɓa zuba komai ba. Ki cika ta da ruwan famfo.”

Ta ajiye biro.

“Baba, wanda ya ɗauka ya cuce ni. Amma ban so a tozarta kowa a gaban mutane.”

“Kin san shi ke nan.”

“Ban ce na sani ba.”

“To, ni ma ban tambaye ki ba. Ba ni kwalbar. Gobe bayan La'asar ki sa Goggo ta tara mini su.”

* * *

Litinin bayan La'asar zauren ya cika. Goggo Yalwa tana kan kujera a bakin ƙofar cikin gida, Ruwaida a gefenta. Sirajuddeen da Mushe Djibril suna kan benci ɗaya ba mai kallon wani. Assibi ta tsuguna kusa da ƙofar waje, Bibata mai kitso da mai ruwa a bayanta. Alhaji Labaran an shimfiɗa masa buzu a matsayin babban gida. Maƙwabta sun yi cirko-cirko a waje.

Ilu ya ce, “Sawu ban samu ba, kun tattake shi da jaje. Abin da na samu shi ne abin da ya zube a ɗakin. Duk wanda ya taɓa shi, yana kwana uku a fata. Ina so kowa ya shinshina ragowar, ya san shi, sa'an nan mu shinshina hannuwan juna.”

Ya ciro kwalbar daga aljihu, ya nuna lambar. Sirajuddeen ya riga ya kai hannun riga hanci.

“Alhaji, kai ne babba, kuma hanci sana'arka ce. Fara mana.”

Alhaji Labaran ya karɓa. Ya cire murfin, ya kai hanci, nan take ya kau da kai yana tari, ya miƙo kwalbar nesa da jikinsa. “Subhanallahi. Wannan ai ba a kusantarsa.”

Ruwaida ta sunkuyar da kai.

Djibril ya miƙo hannu zai karɓa. Ilu ya riga shi, ya rufe kwalbar ya mayar aljihu.

“Ya isa. Alhaji ya sha wahalar a madadinmu, kada in sa mata amai. Na sake shawara.” Ya juya wajen mutanen waje ya ɗaga murya kaɗan. “Ku ji da kyau. Mushe Djibril yana tsaron jarrabawa a lokacin, na tabbatar. Sirajuddeen sahu ɗaya muka yi salla da shi. Assibi jarida take naɗi da ita. Duk wanda ya ƙara kiran sunan ɗayansu, ya zo ya same ni a kara. Kaye kuma za su dawo kafin Isha.”

“Wa ya ɗauka?” in ji Goggo.

“Goggo, kaye kika ce in nemo.”

Mutane suka watse suna gunaguni. Ilu ya ce wa Alhaji, “Muje in raka ka shago. Lokotoro, ki biyo mu.”

* * *

A shagon, Alhaji ya aiki Zahida gida, ya sakaya ƙofa. Ilu ya ajiye kwalbar a kan darduma tsakaninsu.

“Ruwan famfo ne, Alhaji.”

Alhaji bai taɓa ta ba.

“Kwalbar ta fashe tun farko, lokacin da aka ciro kayen,” in ji Ilu, “domin a kan man aka jera su. Wanda ya yi ya jawo kujera, ya zauna taku ɗaya daga wurin, ƙofa a rufe, taga a rufe, ya yi rabin awa yana karatu. Mai hanci ba zai iya minti biyu ba. Shi ya sa na yi kwana biyu ina yawo da rigar kara. Kowa ya ja baya sai kai. Da, daga bakin ƙofar nan kake tsayar da ni, ka ce in je in yi wanka in dawo.”

Alhaji ya ciro makulli daga aljihu, ya buɗe durowar da ke ƙarƙashin kanta, ya fito da kaye biyu naɗe cikin leda. Ya ajiye su gaban Ruwaida.

“Na kai su bakin murhu sau biyu,” ya ce. “Sai in ga rubutunki. Irin na uwarki ne.”

Ruwaida ta buɗe su ta duba. Ba shafin da ya ɓata.

“Shekara bakwai ke nan, Malam Ilu,” in ji Alhaji, “tun da zemijan ya kayar da ni a gadar Tokpa na bugu a ƙeya. Na tashi lafiya, sai hanci. Da awo nake haɗawa, ɗigo kaza na wannan, ɗigo kaza na wancan, duk suna kaina. Sabon abu kuma Zahida ke ji mini, ita ma tana tsammani koya mata nake yi. Ba wanda ya sani sai Ruwaida, ita ma don ta kama ni da kwalabenta ne. Sai na ji Siraju yana cewa za a aika littattafan Turai da sunaye.”

“Kawu, ba za a aika na sunaye ba. Ba a taɓa aikawa. Da ka tambaye ni.”

“In tambaye ki a ina? Kullum kina jami'a.” Ya gyara zama. “An ce mutum ɗari biyu sun ambaci abin da kika rubuta. Karanta mini inda nake. Da Hausa.”

Ba ta buƙaci takarda ba. Ta faɗa masa a hankali: wani mai haɗa turare a unguwar, ɗan shekara hamsin da takwas, ya rasa jin ƙamshi gaba ɗaya bayan buguwa a kai, amma yana ci gaba da haɗa turaren da masu saye ba sa bambanta shi da na da, wannan yana nuna ƙwaƙwalwa tana riƙe tsarin ƙamshi ko bayan hanci ya daina kawo mata labari.

“Wannan wurin suka fi ambata?”

“Shi ne, Kawu.”

“Masu turare nawa ne a Zongo?”

“Uku.”

“Sauran biyun shekarunsu nawa?”

Ɗaya bai kai arba'in ba, ɗayan ya haura tamanin.

“Duk ɗan Zongon da ya je Turai ya buɗe mujallar nan ya gan ni,” in ji Alhaji. “Kin ce lamba za ki ba ni.”

“Na yi kuskure, Kawu. Na ɗauka lambar ta isa.”

“Ta biyar ɗin da Djibril yake faɗa a kai, a kan me take?”

“A kanka take. Dukanta. Akwai wani furofesa da yake son ya zo ya gwada ka da na'urorinsa.”

Alhaji ya dubi kwalaben da ke jere a kan kantar shagon.

“Wadda ta fita ta riga ta fita. Aika musu abin da suka nema, kada su ce 'yar ƙanwata maƙaryaciya ce. Ta biyar ɗin ki jira in mutu.”

“Na ji, Kawu.”

Ilu ya ɗauki kwalbar ruwan, ya zubar a bakin ƙofa, ya sa takalminsa. Ladan yana gyara lasifika don kiran Magariba.

* * *

Ruwaida ta aika kwafin kaye goma sha ɗaya saura kwana shida. Mujallar ta duba, ta rubuto cewa alƙaluman sun tsaya. Furofesan da yake son zuwa ta rubuta masa cewa mutumin bai yarda ba. Bai ƙara rubuto mata ba. Da kwamitin ƙarin girma ya zauna, ya ce maƙala huɗu sun yi kaɗan komai yawan masu ambatonsu, aka ba Djibril muƙamin. Ita sai bayan shekara uku ta samu, da wasu ƙananan ayyuka biyu da suka yi tare, sunansa a sama kusa da nata.

A Zongo an yi wata guda ana maganar. Goggo Yalwa ta yi fushi da Ilu har ta daina amsa gaisuwarsa na ɗan lokaci. Bai gaya mata ba, bai gaya wa kowa ba.

Alhaji Labaran ya rasu a 2004, bayan gajeriyar jinya. Ranar sadakar bakwai, da mata suka ragu, Zahida ta ja Ruwaida gefe. Ita ke riƙe da shagon yanzu.

“Yaya, Baba ya gaya mini komai a asibiti. Ya kuma ba ni saƙo in ba ki.”

“Ina ji.”

“Ya ce yanzu ki rubuta. Amma kada ki ba shi lamba. Ya ce ki sa sunansa cikakke, Labaran ɗan Sadiƙu, ki kuma rubuta cewa shekara goma sha uku ya yi yana haɗa turare ba hanci, kuma ba wanda ya taɓa dawo masa da kwalba.”